Lambar da ke Falon Baffa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Lahadi, a ƙarshen watan Oktoba, abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda ranar ce aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a Ingila duk shekara in sanyi ya shigo. Baffa Haruna yana tsaye a kan kujera yana gyara agogon bangon falo, ya ce in duba wayata in faɗa masa daidai. Na faɗa masa. Bai kai ga saukowa ba kakata Hajiya ta yi maganar da ta raba ni da gidan.

Abba da Nana, saboda ku nake wannan rubutu. Makon jiya Abba ya dawo daga makaranta da jan furen takarda na tunawa da sojoji a ƙirjinsa, ya tambaye ni da Turanci ko gaskiya ne kakan kakansa jarumi ne a yaƙin duniya na farko, don haka 'yan uwanku na Lewisham suka gaya masa. Nana kuma ta daɗe tana tambayar me ya sa ba ma zuwa gidan Baffa da Sallah sai dai gaisuwa ta waya. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. Kun san uwarku, baki ba ya yi mini dogon zance, amma hannu yana yi. Da gangan na rubuta da Hausa. Kuna ji sarai, ku zauna ku karanta a hankali.

Babana Yunusa, wanda kai Abba ka ci sunansa, ya rasu ina firamare a Kano. Ƙanensa Baffa Haruna ne ya tsaya a kan karatuna, shi ya kawo ni Landan na shiga jami'a ina karanta tarihi, ya ba ni ɗakin sama a gidansa na Lewisham, shi da matarsa Anti Zuwaira. Ban taɓa jin ni baƙuwa ce a gidan ba, wannan ku riƙe. Ni kuwa yarinya ce mai shiru, daga laburare sai ɗaki. Ko a aji in malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Abu ɗaya na iya: in na karanta labari na ga wani wuri bai zauna ba, ba na iya wucewa sai na tsaya a kansa. A shekarar, tarihin yaƙin duniya na farko muke karantawa. Ina yini da hotunan ramukan da sojoji suka haƙa a Faransa da Beljiyam, suka zauna a ciki shekaru cikin taɓo da ɓeraye da gawawwakin abokansu, ana harbin juna ba tare da kowa ya ga fuskar kowa ba. Kaɗan daga cikin littattafan ke tuna cewa yaƙin ya zo har Kamaru da Gabashin Afirka, kuma mutanenmu ne suka yi shi a can, wasu da bindiga, wasu da kaya a ka.

A falon Baffa, saman talabijin, akwai lambar yabo ta yaƙi a cikin gilashi. Zarenta ya koɗe, amma in ka juya ta za ka ga an zana suna a gefenta: Haruna Kano. Kakan babana ke nan, Malam Haruna, ɗan dagacin ƙauyenmu, kuma sunansa Baffa ya ci. Labarin da muka tashi da shi shi ne Malam ya bi Turawan Ingila zuwa Kamaru, harsashi ya same shi a ƙafa a bakin ramukan Jamusawa a Garwa, ya dawo yana ɗingishi. Duk baƙon da ya shigo gidan sai Baffa ya nuna masa. A shekarar aka cika shekara casa'in da ƙare yaƙin, wata ƙungiyar mazauna unguwa ta shirya taro ranar tunawa da sojoji, aka ce jikokin waɗanda suka zo daga Afirka da Indiya da tsibiran Karibiyan su zo su ba da labarin nasu. Baffa ya ba da sunana ba tare da ya tambaye ni ba. Ya ce ke ce 'yar tarihi, ke za ki tsaya.

Hajiya, mahaifiyar su Baffa, ta zo daga Kano a lokacin don a cire mata yanar ido. Tsohuwa ce mai baki, amma akwai sunayen da bakin ba ya taɓawa. Ba ta faɗar sunan surukinta, sai ta ce Malam. Baffa da ya ci sunansa, Mai-suna take ce masa. Babana kuwa ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, yana raye ko bayan ransa. Sai dai ta ce ubanki, ko marigayi.

A ranar Lahadin nan tana zaune da lambar a tafin hannunta, don Baffa ya ciro ta daga gilashi zai goge. Tana kallonsa a kan kujera da idonta ɗaya da aka gama aikinsa.

“Wannan ƙasa taku,” in ji ta, “har rana ma da hannu ake matsar da ita. Sauko kar ka karye, Mai-suna.”

“Hajiya, bari Bilki ta karanta miki jawabinta. Bilki, juya mata shi da Hausa.”

Na miƙe da takardata ina karantawa. Na zo daidai inda na rubuta cewa harsashi ya same shi a ƙafar hagu, da ɗingishin ya dawo, da shi ya koma ga Allah. Sai Hajiya ta kwashe da dariya.

“Wane harsashi? Ai Malam shan-inna ne. Tun yana goye ƙafar ta shanye, siririya kamar sillen kara. Uwar mijina ce ta gaya mini, kowa ma a garin ya sani.”

Baffa yana riƙe da agogon a hannu, bai rataye ba, bai sauko ba. Anti Zuwaira ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba abin da ke kan wuta.

“Hajiya,” in ji Baffa a hankali, “maganin nan da ake ba ki yana rikita tunani.”

Hajiya ta dube shi, ta dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ajiye lambar a kan tebur kamar ta ƙona ta.

“Tsufa ne. Ku rabu da ni.”

Kowa ya rabu da ita ban da ni. Na san yadda ake ɗaukar soja a lokacin: a tsayar da mutum, a duba ƙirjinsa da ƙafafunsa, a sa shi tafiya. Mutanen da suka je Kamaru da ƙafa suka ratsa daji da duwatsu. Wanda ƙafarsa ta shanye tun yana goye ba zai wuce bakin bariki ba. To in Malam bai je ba, wa ya je? Domin wani ya je. Ba a zana suna a gefen lamba don mutumin da ke zaune a gida. Na yi ƙoƙarin in bar maganar. In zauna a laburare da littafi a buɗe, ba abin da nake gani sai ƙafa kamar sillen kara. Taron kuma yana matsowa, Baffa ya riga ya gaya wa abokan aikinsa, ya gayyaci mutanenmu na unguwar Dagenham, har ya kai babbar rigarsa wanki.

Ni ke ɗiga wa Hajiya maganin ido da safe kafin in fita. Sai ta kwanta, ta ɗora kai a cinyata, ta buɗe ido. Na lura a wannan kwanciyar ba ta iya kawar da fuska. Ban tambaye ta kai tsaye ba. Na ce mata a littafina an ce waɗanda suka zauna a ramukan yaƙi, ko sun dawo gida ba sa komawa daidai, wasu ƙarar ƙofa ma tana sa su faɗuwa ƙasa.

“Haka Soja yake yi,” in ji ta.

“Wane Soja, Hajiya?”

“Wani ne a zauren gidan. Da aka kai ni ina amarya na same shi, ya fara manyanta. Ni ke kai masa tuwo. In damina ta zo aka yi tsawa, sai ka ga ƙaton mutum ya kife a ƙasa ya rufe kai da hannu. Yara su taru suna dariya, ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ba ya shiga rami. In ana haƙar ƙasar gini a kududdufi, zai ɗauki kwando goma a ka, amma ƙafarsa ba za ta sauka ciki ba. Jana'iza ma daga bakin maƙabarta yake tsayawa. Na taɓa ce masa, Baba Soja, tsoron kabari kake? Ya ce, amarya, ni na kwana a cikinsa da raina, wata da watanni, ruwa har gwiwa, na gefena na dama ya mutu, na gefena na hagu ya mutu, ba wurin fitar da su. Ya ce in an kai ni nawa na shiga, amma ba zan riga lokaci ba.”

Ba a rana ɗaya ta ba ni labarin ba. Yau ta ba ni kaɗan, gobe ta ce ba ta san zancen da nake yi ba, jibi ta ɗora daga inda ta tsaya. Da na haɗa, ga abin da ya fito. Soja bacucanen gidan dagaci ne, wato ɗan bayin gida da aka haifa a cikinsa, sa'an Malam, nono ɗaya suka sha. Da yaƙi ya zo aka aiko kowane dagaci ya ba da mutane, samari suka fara gudu daji. Dagaci ya tsaya a gaban Bature ya ce zai fara da ɗan cikinsa don kowa ya gani. Ɗan cikin nasa kuwa guda ɗaya ne, kuma ba ya iya gudu. Sai aka sa wa bacucanen rigar Malam, aka ce masa in an tambaye ka, kai ne Haruna. Da wannan suna ya tafi, da shi ya yi yaƙin, ya dawo. Bayan shekaru aka kawo lambar, aka tara gari a ƙofar dagaci, aka kira Haruna. Malam ne ya fito yana jan ƙafa. Baturen da ya zo sabo ne, ya ga ɗingishin, ya cire hula ya kama hannunsa da hannu biyu. Daga nan harsashin ya samo asali.

“Shi kuma yana ina?” na tambaya.

“Yana cikin taron. Shi ya shimfiɗa wa Baturen tabarma.”

“Hajiya, me sunansa?”

Ta rufe ido.

“Hajiya, sunansa na yanka. Ai ba Soja aka raɗa masa ba.”

“Ɗiga mini maganin ki tashi, za ki makara.”

Na sake tambaya washegari, na sake bayan nan. Duk abin da na tambaya game da shi tana iya amsawa, yadda yake goge tsakanin yatsun ƙafarsa kamar mai neman wani abu, yadda yake ƙirga da wani yare da ba Turanci ba in yana shuka, amma da na zo kan suna sai bakinta ya rufe. Na ɗauka tana kare mutuncin surukinta ne, ko tana tsoron ɗanta.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi taron na samu Baffa shi kaɗai a mota, mun fito daga sayayya, cunkoso ya tsayar da mu a babban titin Lewisham. Na fi son mota don ba sai na kalle shi ba. Na gaya masa duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya rage ƙarar rediyo.

“Kin san shekara nawa nake aiki a council, ƙaramar hukumar nan?” ya ce. “Tun ba a haife ki ba. Wata rana ina haɗa shayi a ofis, wata mata ta ce mini, da dariya fa, ku dai kun zo cin benefit ɗinmu ne, kuɗin tallafin gwamnati. Washegari na kawo hoton lambar nan na ajiye a kan teburina. Na ce kakana ya zubar wa ƙasar nan jini tun ba a haifi ubanki ba. Ba ta ƙara ba. Abin da nake da shi ke nan a garin nan, Bilki. Shi nake tsayawa a kai.”

“Baffa, ai mutumin gidanmu ne ya je. Jinin an zubar. Sai mu faɗi nasa.”

“Ki tsaya a gaban Turawa ki ce kakana ya tura bawa ya mutu a madadinsa? A gaban 'yan Jamaika ki ce muna da bayi a gida? Kin san abin da za su ji?”

“Gaskiya za su ji.”

“Gaskiya!” Ya bugi sitiyari. “Kina tsammani ban san shi ba? A wuyansa nake hawa in tsinki mangwaro. Ya mutu, Malam ya mutu, kowa yana gaban Ubangijinsa. Wa za ki amfana? To na ji, kin tsaya. Me za ki kira shi? Soja? Ke mai son komai da shaida, ko sunansa ba ki da shi.”

Nan ya kama ni. Motocin gabanmu suka motsa, ya ja har muka tsaya a ƙofar gida. Bai kashe motar ba.

“Ni na riƙe ki kamar yadda Yaya zai riƙe ki. In kin karanta abin da muka shirya, ke 'yata ce. In kin karanta wani abu dabam, ki san inda za ki kwana.”

Ina so ku sani ban tafi taron da niyyar tona kowa ba. Na tafi da takardar farko a jakata, harsashi da komai. Na gaya wa kaina minti biyar ne, in karanta in sauka, in gama karatuna, wata rana in rubuta gaskiyar a inda Baffa ba zai gani ba. Hajiya ba ta je ba, ta ce sanyi. Da zan fita na durƙusa na gaishe ta, ta kalli jan furen da ke mayafina, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da ƙarfe sha ɗaya aka yi shirun minti biyu a waje, kamar yadda ake yi kowace shekara, kowa a tsaye cikin yayyafi. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Abin da ya zo mini shi ne mutum yana shimfiɗa tabarma, yana ji ana kiran sunan da ya amsa a cikin rami, wani yana fitowa. Daga nan muka shiga zauren taro. Wata tsohuwa Ba'indiya ta yi maganar kakanta, wani dattijo ɗan Jamaika ya yi ta kawunsa. Sai aka kira Bilkisu Yunusa. Baffa yana layin gaba da babbar rigarsa, lambar tana kan cinyarsa a cikin gilashinta, mutanen Dagenham a bayansa, abokan aikinsa a gefe. Na fara karantawa. Na yi bayanin Kamaru, da tafiyar ƙasa, da ramukan Garwa da aka kafa wa itatuwa masu tsini a gindi. Murya tana fita. Sai na zo layin harsashin. Na gan shi a takarda, baƙi a kan fari, na buɗe baki, ya ƙi fitowa. Na sake gwadawa. Wani ya yi tari. Sai na kife takardar, na yi maganar da ban shirya ba, da Turanci. Na ce sunan kakan babana ne a jikin lambar nan, amma ba shi ya je ba. Na ce an tura wani mutum da aka haifa cikin bauta a gidanmu, ya je da sunan ɗan gida, ya dawo bai sake iya shiga rami ba har ya mutu, kuma yana tsaye aka miƙa wa wani lambarsa.

Ban ga lokacin da Baffa ya tashi ba, ƙarar ƙofa kawai na ji. Dattijon nan ɗan Jamaika ya ɗaga hannu daga inda yake zaune, ya tambaye ni a hankali me sunan mutumin, don a faɗe shi a zauren nan ko sau ɗaya. Duk idanu suka dawo kaina. Na ce ban sani ba.

Wannan kalmar ta fi komai ci mini rai. Na rushe wa Baffa abin da yake tsayawa a kai, kuma ban iya ba mutumin ko sunansa ba.

Da na koma gida na tarar da akwatina a ƙasan bene. Anti Zuwaira ce ta haɗa, tana kuka, ta cusa mini bargo da ƙullin yaji. Baffa yana ɗakinsa. Na shiga wurin Hajiya, tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na yi sallama ta amsa, na ce zan tafi, ba ta juyo ba. Wata ƙawata ta kai ni unguwar Deptford wurin Hajiya Mariyama, 'yar Gana mai shagon kayan miya, ta ba ni ƙaramin ɗaki a saman shagon. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba. Kullum da yamma sai ta ƙwala kira daga ƙasa da Hausarta ta Gana, “Kai yarinya, sauko ka ci abinci, littafi ba ya cika ciki!” A ɗakin nan na gama digirina, ina jin warin busasshen kifi da hayaniyar kasuwa, da safe ina taya ta jera doya.

Baffa bai sake karɓa ta a gidansa ba. In na kira ya amsa gaisuwa, ya tambayi lafiyarku, shi ke nan. Ranar aurena da babanku wani ya wakilta. Na ji an ce ya ɗauke hoton daga teburin ofis, bai daɗe ba ya yi ritaya. Lambar tana nan a falonsa, 'ya'yansa suna ba da labarin yadda suka same shi. Kada ku ƙi shi. Abin da ya yi mini na alheri ya fi abin da ya hana ni yawa, kuma na san abin da na karɓe masa. Da za a mayar da ni zauren nan ban san ko zan iya yin dabam ba, amma ban taɓa cewa a banza ya yi fushi ba.

A watan Disamba aka gama aikin idon Hajiya na biyu, lokacin komawarta ya yi. Duk kiran da na yi, sai Anti ta ce tana barci. Na riga na haƙura. Ana gobe za ta tafi, da hantsi, na ji ana hawa benen shagon a hankali, ana hutawa, ana salati. Ashe kakata ce, Anti Zuwaira ce ta kawo ta, ta ce wa Baffa za su kasuwar Deptford sayen tsaraba. Anti ta tsaya a ƙasa wurin Hajiya Mariyama. Hajiyarmu ta shigo ita kaɗai, ta zauna a bakin gadona tana haki, ta ƙare wa ɗakin kallo da sababbin idanunta.

“Nan kike kwana? Akurkin kajina ya fi nan faɗi.”

“Sannu da zuwa, Hajiya.”

“Kin rame. Ke dai da taurin kai kamar ubanki. Shiru-shiru, ana cewa salaha, ashe dutse ne a ciki.” Ta gyara mayafi. “Mai-suna ba ya cin abinci. Kin ji daɗi?”

“Ban ji ba.”

“Ni na jawo, da bakina. Shekara sittin ina riƙe da shi, dariya ɗaya ta zubar.” Ta dube ni. “An ce wani ya tambaye ki sunansa a gaban mutane, kin ce ba ki sani ba.”

“Ban sani ba, Hajiya. Na tambaye ki kin ƙi.”

“Ban ƙi ba. Bakina ne ba ya faɗarsa.”

Na durƙusa a gabanta. Na ce mata gobe za ta hau jirgi, ban san ko za mu sake ganawa ba, kuma in ta tafi da shi ya tafi ke nan, ba wanda ya rage.

“Ke 'yar boko, a gidanmu ɗan fari in namiji ne, sunan wa ake sa masa?”

“Na kakansa.”

“Wa ya ci sunan Malam?”

“Baffa.”

“Shi ne ɗan fari?”

Babana ne ɗan fari, ba Baffa ba. Duk bin diddigina, ban taɓa tsayawa a kan wannan ba.

“Kakanki mijina ya san komai,” in ji ta. “Ba shi da ikon karɓo lamba daga hannun ubansa. Amma ranar sunan ɗana na fari, ya tashi da asuba ya raɗa wa liman abin da ya raɗa. Malam bai fito cin naman sunan ba. Shi kuwa na zaure, da aka faɗa a ƙofar gida, zama ya yi a ƙasa yana kuka kamar yaro.”

Katin jami'ata yana rataye a jikin ƙusa a bayan ƙofa. Ta ɗaga hannu ta nuna shi.

“Ni ba zan faɗa ba, ɗan fari ne. Amma kullum kina rubuta shi. Sunan da ke bayan naki, shi ne sunansa.”